Ƙusar da Ba Ta Yi Tsatsa Ba

Zuwa ga Kawu,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da Mama da duk mutanen gidan. Yaya ƙafar nan taka? Inna tana gaishe ka, ta kuma ce in tuna maka, ko da yake kakanni kawai kuka haɗa, ita dai ba ta da wani wa da ya wuce ka, saboda haka ka rage ɓuya. Mu nan lafiya lau, sai gajiya, ita kuwa ta riga ta zama ƴar gida.

Na san ka ce waya ba ta barin mutum ya gama tunani kafin ya buɗe baki, shi ya sa na ba direban nan da ke bi ta wajenku wannan takarda. Shawara nake nema wurin wanda ya yi furfura yana koyar da kimiyya.

Ɗakin gwajin makarantarmu ake shirin karɓewa daga hannuna. Kada ka ji na ce ɗakin gwaji ka ɗauka wani abin a zo a gani ne. Dogayen tebura ne masu tabon ƙuna, da famfo ɗaya mai kawo ruwa in ya ga dama, da kabad cike da kwalaben da muka tsinto muka wanke. Kafin in zo a kulle yake, ƙadangaru kaɗai ke karatu a ciki. Yara a allo suke ganin gwaji, malami ya zana kwalba, ya ja kibiya, ya rubuta sakamako, su kwafa. Ni na share ɗakin na sa su taɓa abu da hannunsu. Yanzu azuzuwa sun cika sun batse, Shugaban makaranta yana so ya jera benci a ciki ya mai da shi aji. Ban ga laifinsa ba, yara har a ƙasa suke zama. Ya ce sufetoci za su zo kafin ƙarshen zango, in suka kalli darasina suka rubuta cewa ɗakin yana da amfani, zai bar mini. In ba haka ba, in miƙa makulli.

Darasin da zai faɗo a kan zuwansu shi ne na tsatsa. Ka san shi kamar yunwar cikinka: kwalba uku, ƙusa uku. Ɗaya a cikin ruwa kawai, ɗaya a busasshiyar kwalba, ɗaya a cikin ruwan da aka tafasa don iskar cikinsa ta fita, aka zuba mai a sama ya tare ta. Ta farkon ce kaɗai ya kamata ta yi tsatsa, don yara su gane sai ruwa da iska sun haɗu. To, Kawu, ƙusoshinmu ba su karanta littafin ba. Duk rukunin da ya yi, ta cikin tafasasshen ruwan sai ta yi ja. Nawa ma haka.

Dokar ajina ita ce kowa ya rubuta abin da idonsa ya gani, don haka duk sun rubuta ta yi tsatsa. Akwai wata yarinya da suke kira Lauya saboda gardama, ita ta ce iskar tana komawa ne lokacin da muke jiran ruwan ya huce, da lokacin da muke tsiyaya shi. Ta ɗebi kwalabe ta tafi gida tana ta gwadawa, har babarta ta aiko mini da ƙorafi a kan man girkinta. Wannan yana faranta mini rai, amma ba shi zan nuna wa sufetoci ba. Me kake yi a zamaninka?

Ƴarka,
Malama

*

Ƴata Malama,

Takardarki ta same ni lafiya, na kuma yi murna. Ƙafa tana nan tana bin umarnin kanta. Idona na dama ne ya fara yi mini hazo, sai na kai takarda bakin taga nake karantawa. Mamanku tana gaishe ki. Ki ce wa Innarki ba ɓuya nake yi ba, tsufa ne ya ɓoye ni.

Na yi dariya har Mamanku ta leƙo ta ga ko lafiya. Ƙusar tafasasshen ruwa! Ai tun kafin a haife ki take kunyata malamai. Ba ke ta raina ba, halinta ne.

Ga abin da ake yi, kuma ba ni na ƙirƙiro shi ba, a hannun na gaba da ni na same shi. Ki nemi jan farcen nan marar launi, wanda yake kamar ruwa. Ki shafa wa ƙusar siriri, har ƙarƙashin kanta da tsininta, ki bari ta bushe sosai, sannan ki jefa ta a kwalba. Ko wata guda za ta yi a ciki, tana nan tana ƙyalli. Mamanku ta daɗe tana zargin ƴan matan gidan nan da satar mata jan farce, alhali yana aljihun rigata. Mu a ɗakin malamai ce masa muke yi taimaka wa gwaji. Akwai ire-irensa da yawa, in kin zo hutu zan karanta miki su.

Na san za ki ɗaure fuska, tun kina ƙarama haka kike. Amma ki tsaya ki ji. Abin da littafin ya faɗa gaskiya ne, tsatsa tana buƙatar iska. Kayanmu ne ba su kai su nuna gaskiyar ba. In kin shafa jan farce, gaskiya kika taimaka wa ta fito fili. Sufeto ba zai zauna sauraron dalilin da ya sa gwaji ya ƙi ba. Zai leƙa kwalba, ya duba agogo, ya tambayi inda ake shan ruwa. In ya ga ja a inda littafi ya ce fari, abin da zai rubuta shi ne malamar ba ta iya ba. Shi ke nan ɗaki ya tafi, ke da Lauyarki ku koma zanen kwalba a allo. Ƙusa ɗaya ce, rana ɗaya, ki sayi ɗaki da ita. Bayan sun tafi ki ci gaba da gaskiyarki son ranki.

Ki rage tsayuwa, ki riƙa zama a aji wani lokacin. Ƙafata shaida ce.

Kawunki

*

Kawu,

Ina gaisuwa. Allah ya ƙara sauƙin idon, ka daure ka je a duba maka shi. Inna tana fama da mura amma da sauƙi.

Na karanta takardarka a tsaye a bakin ƙofar aji, na sake karantawa a zaune. Ban yi dariya ba. Kawu, ni na zaɓi aikin nan ne saboda ranar da muka kawo muku ziyara ina ƙarama, ka kifa kofi cike da ruwa da ƴar takarda a bakinsa ruwan bai zube ba. Yanzu sai na kama kaina ina tambaya, shi ma an taimaka masa ne? Ashe haka aka yi ta koyarwa duk shekarun nan?

Na yi zango biyu ina fama da yaran nan kafin su yarda cewa ba za a dake su ba in idonsu ya saɓa wa littafi. Da farko in na ce me kuka gani, allo suke kallo. Yanzu har musu suke yi da ni. Lauya ta gano in ta zuba man tun ruwan yana da zafi, tsatsar tana raguwa. Tana jera kwalabenta a kan tagar ɗakin gwaji, kowace da ƴar takarda a wuya. Da wane ido zan dube ta in ɗaga ƙusa mai jan farce?

Ba zan yi ba. Na gode da shawarar, amma ba zan yi ba.

Ƴarka

*

Kawu,

Ina fatan lafiya. Direba ya zo ya koma, ya sake zuwa, hannunsa babu komai nawa. Na tambaye shi, ya ce ya bar takardata a shagon da ke bakin layinku kamar kullum. To, shiru ma magana ce, na kuma ji ta. Ka ɗauke ni yarinyar da ba ta san duniya ba, ka zuba mini ido ka ga inda taurin kaina zai kai ni. Wataƙila kana da gaskiya.

An sa ranar zuwan sufetocin. Jiya kafinta ya shigo ina tsakiyar darasi ya kama auna bango da igiya, ko sallama bai yi ba. Shugaba ya ce kada in damu, shiri ne kawai na ko-ta-kwana. Malamin lissafi har ya fara tambayata ko zan bar masa kabad ɗin.

Na sake gwajin da kaina ban san sau nawa ba. Na tafasa ruwa har tukunya ta kusa ƙonewa, na wanke ƙusoshi da sabulu, na sake kwalabe. Kwana kaɗan sai in ga ɗigon ja ya fito kamar ƙurji. Na Lauya sun fi nawa kyau, amma su ma in ka ɗaga su a haske za ka gani. Ga takardun jarrabawa jibge a gida ban duba ba, ga muryata ta dishe, ga Inna tana cewa na rame. Na gaji, Kawu. Ina shiga aji ina jin kamar an ɗora mini buhu a wuya.

Da nake dawowa yau na bi ta shagon kayan kwalliya. Ban ce na sayi jan farcen don in yi amfani da shi ba. Yana dai cikin jakata. In kana da wata magana, ka yi ta yanzu.

Ƴarka

*

Ƴata,

Wannan rubutun Mamanku ne, baki ne nawa. An yi mini aikin ido, an ɗaure shi, an hana ni karatu da sunkuyawa. Takardarki ta daɗe a shago kafin a kawo, da aka kawo kuma Mamanku ta ɓoye ta sai da likita ya ce na fara warwarewa. Yanzu tana karanta mini ita da irin muryarki ta faɗa, har da ƙari.

Ba zan ɓoye miki ba, layin nan naki ya yi mini zafi, inda kika ce ashe haka aka yi ta koyarwa duk shekarun nan. Na ji kamar kin tattara rayuwata kin zuba a kwandon shara. Na ce wa Mamanku ba zan amsa ba. Ita ta ce mini, tsoho, yarinyar nan ba zaginka take yi ba, kuka take yi, kai ne kunnenka ya toshe tare da idon. Kofin nan kuwa, ki kwantar da hankalinki, babu abin da aka shafa masa. Iska ce ta riƙe takardar, kuma har gobe za ta riƙe.

Wanda aka ɗaure wa ido ba shi da aiki sai tunani. Na yi ta juya maganar Lauyarki. Yarinyar tana kan hanya. Abin da ya rage mata shi ne ta ɗumama kwalbar kada ta fashe, ta cika ta da ruwan yana tafasa, har baki, ta jefa ƙusa, ta zuba mai, ta toshe nan take. Kada a bar wurin iska ko na ƙwayar gero. Ni ban taɓa samun aji mai haƙurin bin abin har nan ba, shi ya sa na tsaya a jan farce, kuma har yanzu ina cewa ya yi mini amfani. Amma ke kina da abin da ban samu ba. Tunda kin ce ba za ki yi ba, kada ki yi. Ki jera wa sufetocin kwalaben yarinyar daga mai yawan tsatsa zuwa mai ƙaranci, ki bar ta ta yi musu bayani. Ban yi miki alkawarin za su gane ba. Wataƙila ɗakin ya tafi. Amma in zai tafi, gara ya tafi a haka.

Mamanku ta ce hannunta ya gaji, kuma ta ce in gaya miki yau ta san inda jan farcenta ya shiga.

Kawunki

*

Kawu,

Sannu da jiki. Wallahi ban sani ba, da na sani da ko a ƙafa na zo. Ka yafe mini takardata ta baya, wadda na tabbata yanzu ta iso ka, da wadda ta gabace ta. Ban taɓa raina aikinka ba. Ki gode wa Mama, ita ce ta karanta ni daidai. Ka gode mata, nake nufi, ka ga yadda kaina ya juye.

Motar direba ta lalace a hanya, takardarka ta zauna a gareji. Ranar da ta shigo hannuna, sufetoci sun riga sun zo sun tafi. Ihu bayan hari.

Na shafa, Kawu. Siriri, har ƙarƙashin kanta da tsininta, yadda ka ce. Na kwashe kwalaben yara na tura su bayan kabad, na jera nawa guda uku a teburin gaba. Darasin ya tafi sumul. Ƙusar tana ƙyalli kamar yanzu aka fito da ita daga shago. Babbar cikinsu ta ɗaga kwalbar ta ce da abokin tafiyarta, ka gani, irin koyarwar da muke nema ke nan. Shugaba yana ta washe baki. An bar mini ɗakin, kafinta ya naɗe igiyarsa. Har an ce zango mai zuwa za a turo malaman wasu makarantu su zo su ga yadda nake yi.

Lauya tana sahun gaba a ranar. Ta ɗaga hannu ta tambaye ni ko da zafi na zuba man. Idon baƙi yana kaina, na ce mata a'a, yadda littafi ya ce kawai na yi. Ta kalli ƙusar, ta kalli hannuwanta, ta sauke kai.

Tun ranar ba ta ƙara musu da kowa ba. Da na karɓi littattafansu na ga ta bi duk inda ta rubuta ta yi tsatsa ta soke, ta gyara shi zuwa ba ta yi ba. Rabin ajin sun bi ta. Shekaranjiya bayan an tashi ta tsaya, ta ce, "Malama, don Allah ki nuna mini inda nake kuskure. Na san hannuna ne ba shi da kyau." Na ce mata gobe. Jiya ma na ce gobe.

In na gaya mata, na gaya wa makarantar ke nan, don sunanta ba a banza aka sa mata shi ba. Shugaba kuwa ya riga ya manna rahoton sufetoci a bangon ofishinsa. Gaba kura baya sayaki. Ban taɓa jin kunya irin wannan ba, ban kuma taɓa gajiya haka ba.

Ƴarka

*

Ƴata,

An kwance mini ido, wannan hannuna ne, shi ya sa layin yake hawa dutse. Babu abin yafewa tsakaninmu.

Na karanta, na ajiye, na sake ɗauka. Ba ni da dabara a wannan karon. Na iya ƙusa, ban iya yarinyar da ta daina gardama ba, don nawa ɗaliban ba su taɓa farawa ba balle su daina. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Duk abin da kika yi, ki rubuto mini, kada ki bar ni da shiru. Na ɗanɗana miki shi ba da niyya ba, na ga abin da ya haifa.

Ki ci abinci.

Kawunki

*

Kawu,

Na ji daɗin ganin rubutunka, ko da yana hawa dutse. Inna ta warke, tana gaishe ku. Ni ma lafiya, muryata ta fara dawowa.

Na daɗe ban rubuto ba saboda ina jira in ga ƙarshen abin. Ban iya faɗa wa Lauya gaskiyar da baki ba. Sai na ciro ƙusar daga kwalba a gaban ajin, na miƙa wa Lauya tare da reza, na ce ta kankare. Ta kankara, abin ya ɓare kamar ɓawon albasa. Ta shinshina. Ƴan matan ajin duk sun san warin, ba sai an yi musu bayani ba. Wani yaro daga can baya ya ce, "Kai! Malama ma?" Ba wanda ya yi dariya, da ma sun yi da ya fi mini sauƙi.

Kafin a tashi labari ya kai ofis. Shugaba bai yi faɗa ba. Ya ce shi da jan farce da babu duk ɗaya ne a wurinsa, abin da ya ɓata masa rai shi ne tonawar. Ya ce in maganar ta fita waje, sunan makaranta ne zai ɓaci, kuma ba zai tara malaman wasu makarantu a ɗakin da yara za su iya ɗaga hannu su ba da wannan labari ba. Ya ce in huta, ya ga na gaji. Ya miƙo hannu, na sa masa makullin. Yanzu benci ne a ciki, malamin lissafi ya samu kabad ɗinsa.

Kwalabenmu suna cikin kwali a ƙarƙashin teburina a ɗakin malamai. Ranar gwaji in ɗauko, mu jera a dakalin baranda, mu kwashe kafin a fito hutun tara. Bayana yana gaya mini nauyin kwalin. Na ba su dabararka ta cika kwalba har baki da ruwa mai zafi, na kuma ce musu daga wurin wani tsohon malami ta fito. Ƙusar Lauya ta daɗe fes, babu ɗigo ko ɗaya. Ba ta kawo mini na gani ba, ƙawarta ce ta gaya mini.

Ba ta gaishe ni yadda take yi da. In mun haɗu a hanya ta ce ina kwana tana kallon gefe. Wannan yana ci mini rai fiye da ɗakin. A darasi kuwa ba abin da zan ɗora a dakali ta bar shi ya wuce. Ta shinshina ruwan, ta karce ƙarfen da farce, ta juya kwalba ta duba gindinta. Sauran ma sun koya. Makon jiya na kawo maganaɗisu, sai da suka sa na naɗe hannun rigata, na buɗe tafin hannuna, kafin su bar ni in fara. Na tsaya a baranda hannuwana a buɗe kamar wadda aka kama a kasuwa, ita kuma ta zagayo ta duba ƙarƙashin kwalin. Da ta gama ta koma wurinta ta ce, "To, yanzu ki yi mu gani."

Na yi, suka gani, suka rubuta.

A gaida Mama.

Ƴarka,
Malama